Wayar Da Ke Ƙarƙashin Tirelarka

Misfala, Makka.

Zuwa ga ɗana Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Zainabu da 'yar amaryata Ummi. Allah Ya tsare ku a hanyar da za ku bi, Ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da na wuta da na abokin tafiya.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. Dalili shi ne, duk sa'ad da na fara yi maka maganar tirelar nan da ka haɗa, sai ka ce mini "ɗayyib, ya abuya", wato "to, Baba", idonka yana kan ƙofa. Na fi shekara ashirin ina jin wannan ɗayyib daga bakin masu motoci a warshata, garejin da nake aiki, na kuwa san abin da take nufi. Saboda haka na rubuta. Ka karanta kai kaɗai, a zaune, kada ka yi sauri.

Ban hana ka tafiyar ba. Sayar da shayi da burodi ga masu aikin kwalta a hanyar Tabuka sana'a ce ta halal, kuma namiji ya kan fita daga gidan ubansa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne a cikin akwatin nan za ku riƙa kwana, kai da matarka da yarinyar da ba ta fara tafiya ba, a wurin da babu maƙwabci. Jiya da hantsi, da kuka fita neman taya kai da abokin kasuwancinka Sale, na ɗauki tabarma na shiga ƙarƙashinta na kwanta. Waldarka ta yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Wayar ce ban yarda da ita ba. Ka ce mini Sale ne ya sayo ta, shi ya ja ta, don ya ce ya yi aikin wutar mota a Jidda. Na tambaye shi a warshar wa, ya ce ta wani Bayamale ce, an rushe ta. Na tambayi sunan Bayamalen, sai ya yi dariya ya shiga yabon motarsa jif da za ta ja ku. Wannan dariyar ta tsaya mini a rai.

Kafin in faɗa maka abin da na gani, bari in faɗa maka abin da na aikata da hannuna, don kada ka ɗauka tsoho ne kawai yake neman aibin aikin yara.

Tirelar farko da na haɗa, shekarata ta uku ke nan da isowa garin nan daga Sudan, ta wani mai jigilar ruwa ce. Na shafe ta da koren fenti tun kafin in ja waya, don ina so a gani a yaba. Da ya bushe na kawo wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfe don wuta ta samu hanyar komawa, na matse ta da noti a kan fentin. Aka kunna, fitilu suka kama, na ji daɗi. Bayan kwana biyu mai ita ya dawo ya ce fitilun baya suna kiftawa, in ya taka birki kuma ta hagu ta mutu, ta dama ta yi dishi-dishi. Ban leƙa ƙarƙashi ba. Na zare ƙwayayen fitilun na nufi unguwar Mansur, wurin wani dattijo Babarbare da na saya a hannunsa, na ce matattu ya sayar mini. Ya canja mini. Na sake komawa, ya sake canjawa. A karo na uku na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce yana cutar baƙin Allah a garin Allah. Sai ya ɗauki ƙwan da na ce matacce ne, ya ɗora shi a kan batir ɗin da ke gefensa, ya kama tas. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, je ka kankare fentinka."

Bai taɓa ganin tirelar ba, amma ya san abin da na yi. Na shekara biyu ina zagaye layin shagonsa don kunya.

To ka ji. Inda za ka ɗaura wayar ƙasa, ka goge ƙarfen da fayil har ya yi fari, ka matse da noti, sannan ka shafa giris a kai don tsatsa. Kada ka dogara da ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota ta mayar maka da wuta. Yau za ta yi, gobe ƙura ta shiga ta ƙi. Ka ja mata wayarta daban har jikin motar.

Kuskure na biyu son tsafta ne ya jawo mini. Ba na son ganin waya tana lilo, saboda haka da na haɗa wa wani mai kayan lambu tirela, na ja wayar da ke tsakaninta da mota ta miƙe sambal, kamar igiyar shanya. A hanyar Ɗa'ifa, a wata kwana mai tsanani, ta tsinke. Direban bai sani ba. Ya taka birki, babu jar fitila, babbar motar da ke bayansa ta murƙushe masa bayan tirelar. Allah Ya kiyaye ba a yi rauni ba. Da aka jawo ta warsha, na ce ai wani ne ya sa wuƙa ya yanke, har na fara lissafa masu jin haushina a layin. Da kowa ya watse na ɗauki bakin wayar na duba. Silin jan ƙarfen duk sun miƙe sun sirance kamar gashi. Wuƙa ba ta yin haka. Ja ne.

Kafin ku tashi, ka sa Sale ya karya sitiyari har ƙarshe hagu, ya matsa, sannan dama, kai kana tsaye kana kallon wayar. Ta zama tana da saura a kowane ɓangare. Sauran nan kuma ka rataye shi da tsinken robar tsohon tub na taya, kada ya ja ƙasa, don duwatsun hanya za su cinye shi kafin ku yi zango biyu.

Na uku shi ne dalilin takardar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarka.

Kana ɗan shekara goma sha ɗaya lokacin. Ka san kawunka Idi, ƙanen mahaifiyarka, ka kuma san hannunsa na dama da yatsu biyu suka lanƙwashe. Abin da aka faɗa muku shi ne wuta ta kama tirela ran saukowa daga Muzdalifa saboda ƙusar da ya buga ta huda waya. Ni na faɗi haka, kuma ba gaskiya ba ne.

Wani mai masaukin alhazai ne ya ba mu aikin, ni ƙarfe da wuta, Idi katako, don a lokacin babu kafintan da ya fi shi a Misfala. Tirela ce mai rufi, ta ɗaukar tantuna da tabarmi, da ɗan wurin da tsoho zai kwanta in ya gaza. Mai ita ya ce yana son fitila a ciki wadda za ta kama ko mota a kashe take. Sai na jawo waya kai tsaye daga batir, na sa inji na huda ƙarfen firam, na zura ta ta ramin. Ramin yana da kaifi a baki. Na san ya kamata in sa masa roba, amma robar ta ƙare, ayyuka sun yi mini yawa, na ce a raina kwana biyar ne kawai, bayan Hajji na gyara.

Ana jibi za a fita Mina, fis ya ƙone. Fis shi ne siririn silin nan da ake sawa a hanyar wuta don ya narke kafin waya ta yi zafi. Na canja, ya sake ƙonewa. Mai masauki yana tsaye a kaina yana duba agogo. Sai na yanko guntun waya mai kauri na cusa a madadinsa. Fitila ta kama ba ta ƙara mutuwa ba. Ya sa mini albarka.

Da safe muna barin Muzdalifa, rana ta fito, motoci sun cunkushe, tafiya kaɗan a tsaya. Ni ina gaba tare da direba. Idi yana tafe a ƙasa gefen tirelar, don akwai wata tsohuwa Bakatsiniya da ƙafafunta suka kumbura, an kwantar da ita a ciki, yana lura da ita. Shi ya fara jin ƙauri. Kafin in sauko in zagayo, hayaƙi ya turnuƙe, tabarmi sun kama. Idi ya shiga ya ɗauko tsohuwar a kafaɗa ya dire ta a gefen hanya. Sannan ya koma, don ya tuna akwai garwar kananzir a ciki, ga motocin mutane sun kewaye mu gaba da baya. Ya fito da garwar, amma hannunsa ya riga ya ƙone. Ni ina tsaye da filaya ina kokawa da kan batir, na kasa kwance noti ɗaya.

A Mina mai masauki ya tara mu, ransa a ɓace, ya ce a gaya masa wanda ya jawo wannan. Mutane suna kallo. Na ji bakina yana cewa aikina ba ya kama wuta, sai dai ko ƙusar kafinta ta huda waya. A lokacin rabin zuciyata ta yarda da abin da na faɗa, don na saba neman mai laifi a waje. Idi yana zaune, hannunsa naɗe da tsumma. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, ni ban buga ƙusa a wajen ba." Na kau da kaina gefe.

Bayan wata uku aka kawo mini ƙonannen firam ɗin in yanka in yi wani aiki da ƙarfen. Na juya shi, na ga ramin da na huda. Jan ƙarfe ya narke ya manne a bakinsa kamar ɗigon dalma. Babu katako kusa da wurin, balle ƙusa. Girgizar hanya ce ta sa kaifin ramin ya yi ta cin robar wayar har ya kai ga silin, fis ɗin da ya yi ta ƙonewa kuwa abin da yake gaya mini ke nan, na toshe masa baki. Na yanke wannan guntun na jefa cikin shara, na ci gaba da aikina. A lokacin Idi ya riga ya sayar da kayan aikinsa, don hannun ba ya riƙe zarto, kuma babu mai ba shi aiki tun da labarin ƙusar ya bazu. Ya kwashe iyalinsa ya koma Madina. Mahaifiyarka ta yi kuka, ta ce ƙanenta ya jawo mini abin kunya, ta ba ni haƙuri. Na karɓi haƙurin nata.

Saboda haka, ɗana, duk ramin da waya za ta bi ta jikin ƙarfe, ka goge bakinsa ya yi sumul, ka zura guntun tiyo a ciki, wayar ta bi ta cikin tiyon. Kada ka ce kwana biyar ne. Fis kuma ka sa shi kusa da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, don wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro. In ya ƙone sau ɗaya ka canja. In ya ƙone sau biyu, ka tsayar da mota, ka fito da iyalinka, ka bi wayar da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Kada ka taɓa sa masa abin da ya fi shi kauri, ko wa ke tsaye a kanka.

Yanzu ga abin da na gani jiya. Ramuka uku babu roba, na biyun kuwa daidai ƙarƙashin inda ka nuna wa mahaifiyarka za a shimfiɗa wa Ummi. An ɗaure wayar fitilun baya da igiyar buhu a jikin sifirin, abin da ke motsi sama da ƙasa duk tsawon hanya. An bi wayoyin da baƙin fenti, har jiya yana danƙo. Na tambayi kaina me zai sa mutum ya fente waya. Na sa farce na kankare, na warware baƙin tef a wuri biyu. Ba sabon naɗi ba ne kamar yadda aka gaya maka. Guntaye ne na tsofaffin motoci, kala daban-daban, robarsu ta tsattsage, an murɗa bakinsu da hannu an rufe. Babu dalma ko ɗigo. Tef ɗin nan zafin Makka kaɗai ya isa ya saki, balle na hamada. Na buɗe gidan fis, na tarar an naɗe shi da farar takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Kai ba ka shan sigari. Na mayar da komai yadda na same shi.

Ban sani ba ko Sale bai iya ba ne yake jin kunyar faɗa, ko ya iya ya zaɓi ya yi maka haka. Ba na son yadda yake matsa maka ku tashi ran Asabar. Ba na son yadda in na shigo tsakar gida yake jingina da tirelar ta ɓangaren da zan duba. Sau uku mahaifiyarka tana kiran sa cin abinci yana cewa ya ƙoshi, kuma har yau ban ga mutum ɗaya a Misfala ko Mansur da ya ce ya san danginsa ba. Wataƙila duk wannan ba komai ba ne. Ka ji tarihina, ka san sau nawa zargina ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, don haka kada ka ɗauki maganata ta zama hukunci. Amma takardar sigarin da idona na gan ta.

Kada ka tsare Sale a gaban mutane, kada kuma ka kira shi maha'inci. Ka shimfiɗa tabarma ku shiga ƙarƙashi tare, ka ɗora yatsarsa a kan ramin, ka buɗe fis ɗin, ka ce ya yi maka bayani. Sai ka lura da shi. In ya duba ya ce bai sani ba, ku gyara tare, irin wannan ana tafiya da shi. In ya hau faɗa, ya ƙi sunkuyawa, ya ce tsohonka ne ke zuga ka, to ka yi tunani sosai kafin ka kai matarka da 'yarka inda motarsa ce kaɗai hanyar dawowa.

Wayar dai gaba ɗaya za a cire ta, ko me ya ce. Na ajiye maka sabon naɗin waya a cikin buhun da ke bayan ƙofar warsha, da tiyo, da dalma, da fis guda goma, da maɗauran da na yanka daga gwangwani na yi musu shimfiɗar roba. Ka bi da wayar ta cikin lungun firam, inda dutse ba zai same ta ba, nesa da taya da sifirin. Ka kafa maɗauri kowane kamu ɗaya, ka matse yadda ba za ta yi wasa ba, amma kada ya cije ta. Kowane haɗi ka narka masa dalma, in ya huce ka ja shi da ƙarfi, in zai saki gara ya saki a hannunka. Risho da kananzir su zauna can ƙarshe, ba ɓangaren da waya ta bi ba. Duk inda kuka yi zango mai tsawo ka cire kan batir. Ka koya wa Zainabu yadda ake cirewa, ka rataye mata sifana a inda hannunta zai kai, don ba kullum kake kusa ba. Aikin yini ɗaya ne. In kana so in kama maka, ina nan. In ka fi son ka yi da kanka, ba zan leƙo ba.

Hanyarku ta Madina za ta bi. Kawunka yana sayar da dabino a bakin kasuwa, kowa ya san Idi mai lanƙwasassun yatsu. Ka je ka gaishe shi, ka kai masa Ummi ya sa mata albarka. Akwai ƙaramar takarda da na ninke a cikin wannan, tasa ce. Ka ba shi hannu da hannu. In ya karanta ya yi shiru, kada ka cika shi da magana. In ya ce ba zai karɓa ba, ka dawo mini da ita, yana da gaskiya.

Mahaifiyarka kuwa da bakina zan gaya mata, ba da takarda ba. Na so in jira sai kun tafi, sai na ga wannan ma wata dabarar ɓuya ce. Yau bayan la'asar zan zaunar da ita. Ban san abin da za ta ce ba. In ka shigo ka tarar da gidan shiru, kada ka tambaye ta, ka dai zauna kusa da ita.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ni gaskiya a sana'a da wajen sana'a. Allah Ya kai ku lafiya, Ya zaunar da ku lafiya, Ya buɗa muku kasuwa, Ya dawo mana da ku muna raye. Na ba ku amana ga Wanda amana ba ta ɓata a wurinSa. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai wutar mota.